Leƙe Ba Wasa Ba Ne

  A wannan wata ina so mu yi zance a kan wani abu da ba a cika faɗinsa a gaban yara ba, ko da yake yanzu yara ne suka fi kusa da shi. Abin kuwa shi ne leƙe.

Tun muna ƙanana aka koya mana ba a faɗa wa gidan mutum sai da sallama. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Wanda ya nufi makewayi yakan yi gyaran murya, ko ya duba ko an rataya zane a bisa zana, domin ya san da mutum a ciki. Yaron da aka kama yana leƙen mata wurin wanka kuwa, ranar nan zai sha bulala wurin ubansa, ya kuma sha wurin maƙwabci, ba mai cewa don me. Iyayenmu sun san tsiraicin mutum nasa ne, wanda ya sace shi da ido ɓarawo ne kamar wanda ya kwance akuya.

Amma a da mai leƙe tilas ya zo da ƙafarsa. Zai tsaya a bayan danga, ana iya jin motsinsa, kare yana iya yi masa haushi. Abin da ya gani kuma iyakarsa cikin kansa. Yau akwai kyamarar da idonta bai fi kan allura ba. Ana iya ɓoye ta cikin agogo, ko alƙalami, ko wurin da ake soka wayar lantarki a bango. Mai ita yana zaune a wani gari yana kallo, sa'an nan ya sayar wa dubban mutane abin da ya gani. Ƙasar da wannan masifa ta fi yi wa suna ita ce Koriya ta Kudu, kuma daga can ne wasan telebijin da zan ba ku labarinsa ya fito.

Lauyar da abin ya zo kanta

A shekarar 2017, daga watan Oktoba zuwa Nuwamba, gidan telebijin na KBS a Koriya ta Kudu ya nuna wani wasan kwaikwayo mai kashi 16. Ma'anar sunansa da harshensu ita ce Kotun Mayya, waɗanda suka juya shi da Turanci kuwa suka sa masa Witch at Court. Babu maita a ciki. An yi wa tauraruwar wasan wannan laƙabi ne saboda taurin zuciyarta.

Sunanta a cikin wasan Ma Yi-dum, lauyar gwamnati ce mai gabatar da ƙara. Mace ce mai kaifin kai da kaifin baki, ba abin da take so kamar ta ci shari'a a ƙara mata girma. Sai aka mai da ita wani sashe da ba ta so, watau sashen da ke bin laifofin da ake yi wa mata da yara. A can aka haɗa ta da wani sabon lauya mai suna Yo Jin-uk, wanda dā likitan tunanin yara ne. Shi yakan fara tambaya, yaya wanda aka zalunta yake ji? Ita kuwa tambayarta ɗaya ce, da me za mu ci? A shari'arsu ta farko ma sai ta bar asirin wanda aka zalunta ya tonu a gaban kotu, domin ta ga ta nan ne nasara take. Ta ci shari'ar, ta fito tana murmushi, ta bar mutumin da kunyarsa.

Ba a daɗe ba aka kawo musu ƙarar wani saurayi da ke ɗaukar hotunan matan da ya nema, yana watsawa ta intanet. Ma Yi-dum ta yi masa tambayoyi, ta ci masa fuska sosai. Shi kuwa ya ƙulla ta a zuciya. Ya sami hanyar shiga gidanta ba ta nan, ya dasa kyamara. Lauyar da ke bin mai laifi sai ga ta ta zama ɗaya daga cikin waɗanda ya ɗauka.

Nan wasan ya kai inda yake da darasi. Shaidar da za ta ɗaure mutumin nan tana hannunta, amma shaidar ita ce hoton jikinta. In ta miƙa, abokan aikinta za su gani, alƙali zai gani, lauyan mai laifi zai gani. In ta ɓoye, mai laifi yana iya kuɓuta ya koma sana'arsa. Ita da take matsa wa waɗansu mata su daure su ba da shaida, sai ga shi ta ƙi sakin tata. Jiki magayi. Daga baya dai ta yarda aka kawo hoton gaban shari'a, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi, aka kuwa yanke wa mutumin ɗauri.

Da a ce wasan ya tsaya nan, da sai mu ce gaskiya ta yi halinta, kowa ya tashi ya kwanta. Amma masu wasan sun bi ta har gida. Ta ci shari'a, duk da haka ɗakinta bai sake zama ɗakinta ba. Tana duban bango da tsoro, tana jin kamar har yanzu akwai ido a kanta. Alƙali ya iya ɗaure mai laifi, amma bai iya mayar mata da kwanciyar rai a ranar nan ba. Wannan shi ne wurin da na fi so masu karatu su riƙe.

Matar da ta fito a matsayin lauyar, Jung Ryo-won, ta sami babbar lambar yabo ta KBS a ƙarshen shekarar. Da ta hau karɓa, sai ta yi amfani da lokacin ta roƙi a ƙarfafa doka, domin a hukunta masu irin waɗannan laifofi yadda ya kamata, waɗanda aka zalunta kuma su sami bakin magana.

Abin da ke bayan wasan

Kada wani ya ce ai wasa ne kawai. Mutanen Koriya har suna suka ba abin, suna ce masa molka, watau kyamarar ɓoye. Kalmar ta samo asali ne daga wani shirin ban dariya na telebijin a shekarun 1990, inda ake ɗaukar mutane ba su sani ba don a yi raha. Abin da ya fara da dariya ya zama sunan laifi.

A 2012 'yan sandan ƙasar sun karɓi ƙara wajen 2,400 a kan ɗaukar hoto a ɓoye. A 2017, shekarar da aka nuna wasan, ƙararrakin sun haura 6,000. Cikin waɗanda aka kama a waɗannan shekaru, kashi 98 cikin 100 maza ne, mafi yawan waɗanda aka ɗauka kuwa mata ne. Wannan lissafin waɗanda suka gane ne, suka kuma kai ƙara. Wadda ba ta san an ɗauke ta ba, ba ta cikin lissafi.

A watan Maris na 2019 'yan sanda suka tona wani gungu da ya dasa kyamarori a ɗakuna 42 na masaukai 30 a garuruwa 10. An ɓoye su cikin akwatin da ake haɗawa da telebijin, da wurin soka wayar lantarki, da maratayin na'urar busar da gashi. Idon kyamarar milimita 1 ne kacal. Mutum wajen 1,600 aka ɗauka, ana nuna su kai tsaye a wani shafi mai mambobi fiye da 4,000, waɗansu har suna biyan kusan dala 45 a wata. Ku dubi wannan, jama'a. Miji da mata sun yi tafiya, sun kama ɗaki, sun kulle ƙofa, sun zaci su kaɗai ne.

Ba kullum baƙo ne ke yi ba. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoto a 2021, a ciki akwai labarin wata mata da shugabanta na wurin aiki ya ba ta kyautar agogo. Ta ajiye shi a ɗakin kwananta. Ashe akwai kyamara a ciki, yana kallonta fiye da wata guda. Har mawaƙan da 'yan mata ke so ba su fita ba: a 2019 aka ɗaure wani sanannen mawaƙi, Jung Joon-young, saboda fyaɗe da kuma ɗaukar mata a ɓoye yana raba wa abokansa. An yanke masa shekara 6, kotun ɗaukaka ƙara ta mai da ita 5.

Me ya sa abin ya yi yawa haka? Na ɗaya, kyamarar tana da arha, samunta kuma ba wuya. Na biyu, akwai kuɗi a ciki. A Nuwamba 2018 aka kama wani attajiri, Yang Jin-ho, mai manyan kamfanonin ajiyar hotuna ta intanet. 'Yan sanda suka ce kamfanoninsa suna cin riba daga masu saka irin waɗannan hotuna, kamfanin da ya kamata ya tace su kuma yana ƙarƙashin hannunsa. An ba kura ajiyar nama ke nan. Na uku kuwa, wanda ya fi duka, hukuncin ba shi da nauyi. Rahoton nan na 2021 ya nuna cewa cikin waɗanda aka samu da laifin ɗaukar hoto a ɓoye a 2020, kashi 79 cikin 100 tara aka ci su, ko ɗaurin jeka ka gyara halinka, ko duka biyu. A 2019 wata ma'aikaciyar asibiti da ta kusa aure ta kashe kanta bayan wani abokin aikinta ya ɗauke ta a ɗakin sāke tufafi. Shi kuwa wata 10 aka yanke masa.

Ranar da mata suka fito

A watan Mayu na 2018 wani abu ya faru da ya tada ƙura. Wata mace ce ta ɗauki hoton wani namiji tsirara a ajin koyon zane na wata jami'a a Seul, babban birnin ƙasar, ta watsa. Cikin 'yan kwanaki aka kama ta, daga baya aka ɗaure ta wata 10. Laifi ta yi, ba shakka. Amma mata suka tambaya, ina wannan sauri yake sa'ad da mu muke kawo ƙara shekara da shekaru?

Daga watan nan har zuwa Disamba suka yi zanga-zanga sau 6. A ta watan Agusta, masu shirya ta sun ce mata 70,000 suka fito. Da yawansu sun rufe fuska da hula da tabarau, domin suna tsoron a ɗauke su a nan ma a bi su. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Hukumar birnin Seul ta amsa da cewa za ta sa ma'aikata 8,000 su riƙa duba makewayin jama'a fiye da 20,000 kowace rana. Kafin wannan akwai ma'aikata 50 da suka yi wajen shekara 2 suna dubawa, ba su sami kyamara ko ɗaya ba, gama mai dasawa yakan cire ta da wuri, waɗansu kuwa da wayar hannunsu suke yi. Tun 2004 ma aka sa wayoyin da ake sayarwa a ƙasar su riƙa yin ƙara sa'ad da suke ɗaukar hoto, amma masu mugun nufi suka sami dabarar kashe ƙarar. Wannan ya nuna mana na'ura kaɗai ba ta maganin abin da ke zuciya.

Abin da ya fi amfani shi ne abu biyu. A Afrilu 2018 gwamnati ta buɗe wata cibiya da ke taimakon waɗanda aka zalunta, tana bin hotunan a intanet tana sa a share su, ba tare da sun biya ba. Sa'an nan a Mayu 2020 aka gyara doka, bayan waɗansu ɗalibai mata 2 na jami'a sun tona wani mugun ciniki da ake yi ta Telegram, inda ake tsoratar da mata da 'yan mata ƙanana ana tilasta musu ɗaukar kansu. Ɗaya daga cikin shugabannin cinikin, Cho Ju-bin, shekara 42 aka yanke masa. Sabuwar dokar ta ɗaga hukuncin mai ɗauka daga shekara 5 zuwa 7. Ta kuma kawo abin da babu shi a da: wanda ya saya, ko ya ajiye, ko ya kalli irin wannan hoto, shi ma ana iya ɗaure shi har shekara 3. A 2024 aka faɗaɗa wannan har ya kai ga hotunan ƙarya da ake haɗawa da kwamfuta, a ɗora fuskar mace a jikin da ba nata ba.

A Ingila ma mace ɗaya ce ta tada maganar. A 2017 wani ya sa waya ƙarƙashin tufafin Gina Martin a wurin wani taron kiɗa a London, ya ɗauki hoto. Ta kai wa 'yan sanda, aka rufe maganar domin doka ba ta ambaci abin sosai ba. Ba ta yi shiru ba. Ta yi ta bi har majalisa ta yi doka, wadda ta fara aiki a Afrilu 2019, da ɗauri har shekara 2.

Shari'a ko ramuwa?

Akwai wani wasan na Koriya da ya ɗauki wata hanya dabam. Gidan telebijin na SBS ya nuna shi a 2021, ana kiransa Taxi Driver. Labarin waɗansu mutane ne da ke fakewa da sana'ar tasi, suna rama wa waɗanda kotu ta kasa share wa hawaye. A cikinsu akwai wata budurwa, gwanar kwamfuta, wadda yayarta ta kashe kanta bayan an watsa hotonta. Shekaru sun wuce, amma hoton yana nan ana sayarwa. Sai ƙungiyar ta shiga kamfanin da ke cinikin, ta rushe shi.

Mutane sun so wannan wasa ƙwarai, ba kuma abin mamaki ba ne. Wanda ya ga an ci tarar mai laifi ya fito yana dariya, zuciyarsa za ta so ta ga an yi masa dūka. Amma ko masu wasan ba su ɓoye ƙarshen wannan hanya ba. Kurkukun ɓoye da ƙungiyar take zuba masu laifi ya zame musu masifa, ya jawo cuta ga waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mai ramuwa shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali, shi ne gandiroba. Ranar da ya yi kuskure, wa zai tsawata masa?

Don haka hanyar lauyar nan ta wasan farko ta fi, ko da yake ta fi ɗaci. Sai dai akwai sharaɗi. In muna so wadda aka zalunta ta bi ta kotu, tilas ne kotu ta zama wurin da za ta iya shiga ba a sake tsiraita ta ba, hukuncin kuma ya yi daidai da laifin. Inda aka bar shari'a ta yi sanyi, a nan ramuwa take samun masu so. Matan Koriya ba su ƙone gidan kowa ba. Sun tsaya a titi har aka sāke doka, dokar kuwa ta amfani waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Kunyar ta wa ce?

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Me ya kai ta masauki? Me ya sa ta yarda da shi? To, ina tambaya, matar da ke wanka a gidanta, wane wari ta yi? Ma'aikaciyar da ta shiga sāke rigar aiki, me ta yi? Ko wadda ta yi wauta ta amince da saurayi, wautarta ba ta ba shi izinin sayar da ita ba. Wannan karin magana shi ne garkuwar masu leƙe. Sun san wadda suka ɗauka za ta fi jin tsoron bakin mutane fiye da yadda su suke tsoron alƙali, don haka suke sakin jiki.

Mun san labarin Sarki Dawuda, yadda babban zunubinsa ya fara da kallo daga kan soro sa'ad da Batsheba take wanka. Ku tuna, da aka aiko annabi Natan, wurin mai kallon aka aiko shi.

Sa'an nan akwai mutum na uku, wanda yake ganin ba ruwansa. Shi bai dasa kyamara ba, turo masa aka yi, ya buɗe, ya yi dariya, ya tura wa abokinsa. Ɗan'uwa, abokin ɓarawo ɓarawo ne. Da babu masu kallo, da gungun masaukan nan bai sayi kyamara ko ɗaya ba. Kowane sabon mai kallo ya sake leƙa ta ke nan. Dalilin da ya sa tsoron lauyar nan bai ƙare da ƙarewar shari'a ba shi ne ta san hoto, in ya fita, zarar bunu ne. Wanda ya tsai da shi a wayarsa, ya ƙi turawa, ya yi aikin da alƙali ba ya iya yi.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta

Koriya tana da nisa, amma wayar da ke can ita ce ke aljihun 'ya'yanmu. Manya a cikinmu za su tuna 2007, sa'ad da wani hoton waya na wata 'yar wasan kwaikwayo ya bazu a Kano da sauran garuruwa. Har aka dakatar da shirya finafinai a jihar na wata 6. Dubbai suka karɓi hoton suka tura, sa'an nan suka koma gefe suna Allah wadai, nauyin kunyar kuwa aka jibga wa macen. A lokacin wayoyi kaɗan ne. Yau fa?

Ga iyaye. Kafin ka saya wa yaro waya mai kyamara, ka zauna da shi. Dokar da ubanka ya ba ka a kan danga, ita za ka ba shi a kan waya: ba a ɗaukar mutum sai ya sani ya yarda, ba a shiga da waya wurin wanka ko ɗakin kwanan ɗalibai ana ɗauka, ba a tura hoton tsiraicin kowa ko da wasa. Mu malamai mun san yaro yakan yi abu don abokai su yi dariya, bai hango inda zai kai ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka kuma gaya wa 'yarka tun yanzu, in wani abu ya same ta, ko wani ya tsorata ta da hoto, wurinka za ta fara zuwa, ba kuwa za ta sha dūka ba. Yarinyar da ta fi tsoron ubanta fiye da mai tsorata ta, za ta yi ta biyan mugun da kuɗi ko da abin da ya fi kuɗi.

Ga matafiya. In ka sauka a baƙon ɗaki, ba laifi ka duba abin da ke fuskantar gado da makewayi: agogo, da ƙananan ramuka, da kayan lantarkin da ba ka ga amfaninsu ba. Ka kashe fitila ka haska da tocila, gama idon kyamara yakan mai da haske. Rigakafi ya fi magani. Amma kada wannan ya zama zargin kowa da kowa.

Ga wadda abin ya sama, ko wanda ya sama, gama maza ma ana yi musu. Kada ki share saƙonnin da aka aiko miki, domin su ne shaida. Kada ki biya mai tsorata ki, gama wanda aka ba yau gobe zai dawo. Ki gaya wa babba ɗaya da kika amince da shi, ku tafi tare wurin 'yan sanda ko lauya. A Nijeriya sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da na gidansa. Dokar laifofin intanet ta 2015 kuma ta haramta aika hotunan batsa, da ɗauri har shekara 3 ko tarar naira miliyan 7, in kuwa yaro ne a cikin hoton hukuncin ya fi haka nauyi. A kuma sanar da kamfanin da hoton ke shafinsa domin a cire.

Ga sauranmu, maƙwabta da dangi da shugabannin jama'a. In irin wannan ya faru a unguwa, kada mu ce bari mu gani mu tabbatar. Kada mu yi saurin cewa a rufe maganar don sunan gida, gama rufewar nan ita ke ba mai laifi damar zuwa gida na gaba. Mu raka ta kai ƙara, mu gaishe ta a hanya kamar yadda muka saba, kada a janye 'ya'ya daga wurinta. Bayan an gama shari'a ma mu ci gaba da zuwa, domin a lokacin ne kowa ke watsewa, ita kuwa take komawa ɗakin nan ita kaɗai.

A daren yau, bayan an ci tuwo, ina roƙon kowane maigida ya tara yaransa ya tambaye su, in aka turo muku hoton tsiraicin wani, me za ku yi? Ku saurari amsarsu da kyau, daga nan za ku san inda za ku fara. Wanda yake da tambaya ko shawara ya rubuto ta hannun edita.